Ranar da Kulu Ta Yi Bandar Taurari

Da sunan Allah na ɗauki biro, ba don ina sha'awar rubutu ba, don na gaji ne. Tun da na dawo daga tafiyar nan ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba a teburin bakin kasuwar Yelwa. Wannan ya ce, "Mamman, wai har ƙasar Faransa kuka je neman laimar kwaɗi?" Wancan ya ce, "Wai mace ce ta sa ka rarrafe cikin daji?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kowa na ƙara masa nasa gishirin. To ga shi a rubuce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa, aji shida na tsaya kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Shekara goma sha tara na yi ina dogarin daji a ƙarƙashin Sakkwato. Da aka yanka mana jihar Kebbi aka yi ta kiɗa da guɗa, ni ma har da rawa, da yake ban san abin da ke tafe ba. Aka raba ma'aikata, aka raba motoci, har kujeru aka raba. Fayil ɗina ne kaɗai bai san inda zai bi ba. Can suka ce sun aiko, nan suka ce yana hanya. Na yi zirga-zirga har kwandastocin motar Jega suka san ni da suna. Kullum amsa ɗaya: yana hanya, ka dawo mako mai zuwa. A ƙarshe wani matashi mai taye, wanda ina cikin daji ina kora ɓarayin itace lokacin da ake goya shi, ya ce, "Baba, ba fayil, ba satifiket. In za ka kawo takarda daga wani masani da zai shaida ka san aikin daji, sai mu ga abin da za a yi."

Masani! Waɗanda suka san na san daji birai ne da ɓarayin itace, kuma duk cikinsu ba mai hatimi.

Ana haka damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, sai ga wata Landiroba ta tsaya a ƙofar gidana. Direban, wani Bakano mai ƙaton agogo da ake kira Ɗanjuma, ya leƙo ya ce, "Nan ne gidan tsohon dogarin daji?"

Na ce, "Tsohon dai, ka faɗi daidai."

Wata gajeruwar mata ta sauko da takalmin ruwa har gwiwa da malafa a ka. Dakta Talatu, malamar jami'a, 'yar ƙasar Zuru. Ba likitar allura ba ce, likitar laimar kwaɗi ce da danginta, in kun yarda akwai irin wannan aikin a duniya. Ta buɗe gwangwanin madara ta zazzage mini wani abu a tafin hannu: busasshe, ruwan ƙasa, ƙwallo a tsakiya kamar ɗan kanya, da yatsu bakwai a buɗe kewaye da shi.

"Ka taɓa ganin wannan? Tauraruwar ƙasa ake ce mata."

"Tauraruwa? Mu a gungunmu na tsakiyar kogi tusar ƙasa muke ce mata. Muna yara mukan matsa ta a hancin wanda ya yi barci."

Ɗanjuma ya ƙyalƙyale da dariya. Ita ko littafi ta ciro ta rubuta. Ranar ce ta farko da wani ya rubuta maganata ba don ya kai ƙarata ba.

Ta shimfiɗa taswira a kan mota. Ta ce abin nan yana kusan ko'ina a duniya, ƙasar sanyi da ta zafi, kurmi da bakin hamada, in ban da can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, kuma iri-iri ne, sun haura hamsin. Ƙasashen Turawa cike da ɗige-ɗige, kowane ɗigo wurin da aka tsinci ɗaya ne aka rubuta. Wajenmu kuwa, daga Shanga har Wara, fari fat. Ta ce ba don babu ba ne, ba wanda ya sunkuya ya duba ne.

Ni ba na kwana-kwana. Na ce zan raka ta duk inda take so, amma takarda nake bukata, na gaya mata dalili. Ta ce, "Zan rubuta, Malam Mamman. Amma abin da na gani zan rubuta." Sannan ta damƙa mini kwali cike da ambulan, ta ce shi ne aikina. Duk wadda muka samu za a sa ta a ambulan ɗinta, a rubuta lamba a baya. A littafinta kuma lambar, da wurin, da itacen da ke kai, da irin ƙasar, da guda nawa ne. "Wadda ta rabu da lambarta, kamar ba a same ta ba ne."

Na ce, "Na san wannan dokar, Dakta. A kaina aka fara gwada ta."

Ranar Talata muka kama hanyar Shanga. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar da ruwa ya cinye, sau biyu mota ta kafe. Ɗanjuma ba ya son taɓo ya taɓa agogonsa, sai ya zauna a sitiyari yana ba da umarni, ni da Dakta muna turi.

"Ku ƙara ƙarfi mana! A Kano ko akuya ba ta bin irin wannan hanyar."

"Da ka zo da akuyar," na ce, "da ta taya mu."

Mun sauka a zauren wani mai unguwa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da kifi. Dakta ta kwana cikin gida wurin mata, da safe ta fito sauro ya yi mata zane a fuska. Yini guda ta sa mu dube-dube a bakin fadama, inda laimar kwaɗi ke fita. Ko ɗaya. Na yi ta haɗiye magana saboda takardata. Da la'asar haƙurin ya ƙare.

"Dakta, littafinki ne ya ce nan?"

"Me ka gani?"

"Abin nan ba ya son taɓo. Ba ya son inda garma ta bi, ko inda wuta ke ci duk rani, ko inda shanu ke tattakewa. Inda ganye ya shekara yana ruɓewa ba wanda ya dame shi, nan yake. Kufai, gefen tsohuwar maƙabarta, gindin tsamiyar da mutane ke tsoro."

Ta ƙura mini ido, na ce a raina shi ke nan, takarda ta bi fayil. Sai ta ce, "Shiga gaba."

A gindin wata tsamiya da mutanen garin suka ce tana da iskoki muka tarar da guda tara a cikin farin rairayi. Dakta ta durƙusa kamar ta tsinci ɗankunnen zinariya. Ta ɗaga ruɓaɓɓen ganye ta nuna mini wani farin zare kamar saƙar gizo-gizo. Ta ce shi ne ainihin jikin abin, shi ke cin mataccen ganye yana mai da shi ƙasa, tauraruwar kuwa 'ya'ya ce kawai, kamar mangwaro a jikin uwarsa. Da farko kamar 'yar albasa mai tsini take a ɓoye cikin ganye. In ta nuna sai fatar waje ta tsage, yatsun su lanƙwasa baya su ɗaga ƙwallon sama. Ta ɗebi ruwa a murfin gora ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan ƙwallon. Fuf! Hayaƙi ya fito ta ɗan bakin da ke sama. "Irinta ke nan. Ruwan sama ya buga, iska ta kwasa." Shekara arba'in ina ganin abin nan, ban taɓa tambayar don me yake tusar ba.

Muna cikin rarrafe wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta tsaya a kanmu.

"Mi kuka yar?"

"Ba mu yar da komai ba, Inna. Wannan muke nema."

"Ana ci?"

"Ba a ci, ɗaci gare shi da tauri."

"Magani ne?"

"A'a. Rubutawa za a yi."

Ta dubi Dakta daga malafa har takalmi, ta zuba mata nono ludayi biyu ta ce sadaka ne, Allah ya ba ta lafiya.

A ranar na tsinci wata daban a kan rairayi, yatsunta a dunƙule kamar hannun jariri. Dakta ta jefa ta a murfin gora da ruwa, kafin mu shanye nonon ta buɗe tsaf, da ta bushe ta sake dunƙulewa. Ta ce irin wannan ba ta da yawa. Ku riƙe wannan don gaba: sauran duk gindinsu na manne da ƙasa da ganyen inda suka tsiro, ita kuwa mai dunƙulewar gindinta sumul, ta yar da rigarta ta waje, iska na mirgina ta inda ta ga dama.

Daga Shanga muka haye kogi, muka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, muna tsayawa a kan tudun jar tsakuwa muna tsinta. Dakta na son ta ga ko na ƙetaren iyaka iri ɗaya ne da namu. Na ce ai laimar kwaɗi ba ta san iyaka ba. Ta ce abin da take son ta tabbatar ke nan.

A wancan gefen, wanda mu ke kira ƙasar Faransa, wani dogon jandarma mai 'yar hula kamar kwale-kwale ya tare mu. Hausarsa irin ta 'yan kasuwar Dendi ce, amma ana ji. Dakta ta miƙa takardunta, Ɗanjuma ya miƙa nasa. Ni ba ni da komai sai tsohon katin aiki.

"Sakkwato?"

"Da."

"Yanzu fa?"

"Kebbi."

"Ina takardar Kebbi?"

"Su ma nemanta suke, ranka ya daɗe."

Ya juya katin gaba da baya ya mayar mini, ya nuna kwalin. Ya buɗe ambulan ɗaya, ya ga hoda ruwan ƙasa a gindinsa, fuskarsa ta canza. "Albarushi ne, ko irin wadda ake shaƙa?" Dakta ta kama bayani da Turanci, shi ba ya ji. Ya mayar mata da Faransanci, ita ba ta ji. Kafin in buɗe baki ya ɗauki babbar cikinsu ya kai ta dab da ido ya matsa. Atishawa bakwai na ƙirga. Ɗanjuma ya fara salati yana cewa shi direba ne kawai, bai san mu ba.

Mutumin ya share hawaye, ya sake duban abin, sai ya fashe da dariya. Ya ce kakarsa na ajiye irinsa a cikin ƙwarya, in yaro ya yanke ta barbaɗa masa. Dakta ta ce ita ba za ta ba kowa shawarar haka ba, amma ta rubuta. Ya kama hannuna ya ja mu bayan ofishinsu, gindin mangwaro inda suke zubar da toka. Guda biyar. Jandarma da bindiga a kugu yana rarrafe yana kiran Dakta ta zo ta ga wata, na so a ce 'yan teburin shayi suna wurin.

Kwana uku muka yi a Segbana, a gidan wani Bakabe mai sayar da goro da ya shekara talatin can. Mutanen kirki ne, amma suna da abubuwan mamaki. Da rana ta take tsaka sai a rufe komai, ofis da kanti, kowa ya tafi ya kwanta har ƙarfe uku, kuma ba wanda ke kiran wannan lalaci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, in ya kwana kana iya korar kare da shi. Kofi a kwano suke sha. Gaisuwarsu kuwa, mutum biyu su durƙusa a tsakiyar hanya suna gunguni a hankali, kai da ke jira har ƙafarka ta yi tsami. Na ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagashi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya fi abin da ake ba mu a tashar Koko. Ɗanjuma ya raina abincin da baki, ya ci kwano uku, ya yini yana sintiri bayan gida.

Na ga dogarin dajinsu. Babur, kaki mai guga, takalmi mai sheƙi. Na sa mai masaukinmu ya tambaye shi ko fayil ɗinsa ya taɓa ɓata. Bai gane tambayar ba.

A dajin kaɗanya na bayan garin muka sami mai dunƙulewa ta biyu, guda ɗaya tak. Dakta ta ce tana zaton ba iri ɗaya ce da ta Shanga ba, wataƙila ma ba a taɓa rubuta irinta a wannan yankin ba, amma ido ba ya rabewa, sai ta sa hodar a ƙarƙashin madubin ɗakin bincikenta.

Muka juyo gida, muka wuce Yelwa ko ruwa ban tsaya sha ba, sai Ngaski, dajin dokar da na yi wa gadi shekara shida. A nan ba na bukatar dubawa, ƙafata ta san wuraren. Mun samu a jikin tsohon suri, mun sami wasu 'yan mitsi-mitsi a jere a kan ruɓaɓɓen gungume, mun sami mai dunƙulewa ta uku. Da ambulan ashirin da uku muka isa Wara da ke bakin babban tafki, gidan taubashina Gado, masunci, da matarsa Kulu wadda duk bakin tafkin an san kifin bandarta.

Sai ruwa ya tsuge, kwana uku ba rana. Da na buɗe kwalin na ga hunhuna ta fara kama wasu. Dakta ta ce a sa su inda ɗumi ke kaiwa, kada wuta ta taɓa. Ran nan da safe sama ta ɗan washe, Gado ya ce in za mu shiga tafki yanzu ne. Ni kuma cikin sauri na miƙa wa Kulu kwalin na ce, "Ki busar mini da waɗannan, kada su ƙone." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Laifin nawa ne, na rubuta don kowa ya sani.

Inda muka je tudun tsohon garinmu ne. Garin yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi ina saurayi, kan tudun kaɗai ya rage da itatuwa kamar goma. Gado ya kashe inji ya nuna ruwa da baki ya ce, "Nan ne masallaci." A gindin kanyar da muke wasa muka sami guda huɗu, irin masu tsayuwa a kan ƙarshen yatsu kamar mai leƙen katanga. Dakta ta tambayi sunan wurin. Na faɗa mata sunan garin, ta rubuta, ta sa su a jakarta.

Tun daga bakin ruwa muka jiyo ƙamshin banda. Kulu ta tarye mu tana goge hannu a zane, fuskarta cike da fara'a, ta kira ni da sunan 'yata.

"Baban Hassi, zo ka ga aiki. Wa ya koya muku cusa abu mai laima cikin takarda? Shi ya sa sunka yi hunhuna."

Ga su nan a kan ragar banda, a jere kamar yadda ake jera kifi, manya gefe guda, matsakaita a tsakiya, ƙanana a ƙarshe. Ko ɗaya bai ƙone ba. Sun bushe ƙarau, sun yi kyau, har juya su ta yi.

"Kulu, takardun fa?"

"Itacen duk ya jiƙe. Da su na hura wuta."

Gado ya riƙe ciki yana dariya. "Taubashi, kai da takarda dai jininku bai haɗu ba!" Da ya dubi fuskar Dakta sai dariyar ta maƙale. Ta zauna a kan kifaffen turmi ta cire takalmin ruwa ɗaya, ta manta da ɗayan. Ta ce, "Kwana goma sha shida." Kulu ta gane ta yi ɓarna, ta ja mayafi ta shige ɗaki tana kuka.

Na tsaya ina kallon ragar. Guda saba'in da wani abu, ba mai lamba, duk an mai da su 'yan gari ɗaya. Na ɗauki ɗaya na juya gindinta. Farin rairayi, da ɗan ganyen tsamiya a manne.

"Dakta, littafinki na nan?"

"Yana nan. Me zai yi ba ambulan?"

"Karanta mini lamba ta ɗaya."

Ta karanta ba da son ranta ba: Shanga, gindin tsamiya, rairayi, guda tara. Na shimfiɗa tabarma na kife su duka, na shiga tsinta. Tara cif. Ta gyara zama. Lamba ta gaba. Masu jar tsakuwa na hanyar Ka'oje ne. Masu toka da ɓurɓushin gawayi na jandarma ne, biyar. Masu guntun ganyen doka na Ngaski ne, kuma na jikin suri ƙasarsu ta fi laushi, in ka murza ba ta ƙaiƙayi. 'Yan mitsi-mitsin suna ɗauke da ɓawon gungumensu. Wurare biyu sun so su ruɗe ni, dukansu baƙar ƙasa, sai na kai harshe. Ɗanjuma ya ce, "La ilaha, yau ga mai cin ƙasa." Na ce masa wanda ya ci sakwara kwano uku ba shi da bakin magana. Ɗayar tana da ɗanɗanon kanwa, na san ta bakin rafin Shanga ce. Duk wadda na ware, Dakta ta duba siffar da ta rubuta ta ƙirga, in ya yi daidai ta yanka sabuwar takarda ta sa lamba. Tun azahar muke yi har inuwa ta miƙe. Ambulan ashirin suka koma yadda suke.

Saura uku a kan tabarma, masu dunƙulewar nan. Ɗaya ta Shanga, ɗaya ta Segbana, ɗaya ta Ngaski. Gindinsu sumul, girmansu kusan ɗaya, hayaƙi ya mai da launinsu ɗaya. Na juya su, na shinshina, na lasa. Kifi kawai nake ji.

Dakta ta tashi ta shiga ɗaki rarrashin Kulu. Ɗanjuma ya matso ya rage murya.

"Malam, uku ne, gurbi uku ne. Jefa kowace a ɗaya mana. Ka ci ashirin, wa zai yi maka gardama a kan uku? Takardarka fa kake nema."

Ba zan ce ban yi tunani ba. Na yi. Na ma ɗauki ɗaya. Amma na tuna ta ce ta Segbana wataƙila daban ce, kuma in na sa ta a Shanga za a ɗiga ɗigo a taswira inda ba nan ba ne, wani ya zo bayan shekara ashirin yana rarrafe gindin tsamiya yana neman abin da ba ya nan. Na san yadda ake ji in an ce maka abu yana hanya alhali ba wanda ya san inda yake.

Ta fito tana riƙe da hannun Kulu. "Ukun nan fa, Malam Mamman?"

"Ban sani ba."

"Ko zato?"

"Zato ina da shi. Sani ne babu."

Ta daɗe tana kallonsu. Waɗannan ukun su ta fi so a duk tafiyar, na sani. Ta ja layi uku a littafinta ta rufe. Washegari muka koma Yelwa. Ta sauke ni a ƙofar gida ta yi godiya, ba ta ambaci takarda ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Matata ta ce me na samo, na ce warin kifi.

Bayan mako uku wani direban motar Kwantagora ya kawo mini ƙunshi. Gwangwanin madara da ukun nan a ciki, da wasiƙa mai hatimi, shafi biyu. Na karanta da Turancina na aji shida, a hankali, sau uku. Ta rubuta yadda na gyara mata wurin nema, da yadda na raba ƙasar wurare ashirin da ido da harshe. Ta rubuta cewa sakacina ne ya jawo ƙonewar takardun, ba ta ɓoye ba. A ƙarshe ta rubuta zancen ukun.

Na kai ta Birnin Kebbi. Mai tayen nan ya karanta har ƙasa, ya ɗago yana murmushi.

"Baba, a nan ta ce akwai uku da ka ce ba ka sani ba."

"Haka ne. Kai fa, ina fayil ɗina yake?"

Ya buɗe baki, na ga "yana hanya" ta taho har bakin leɓensa. Ya dubi wasiƙar, ya dube ni, ya sosa ƙeya.

"Wallahi Baba, ban sani ba."

"Madalla. Shekara biyu nake jiran wani ya faɗi haka a ofishin nan."

Ya buɗe sabon fayil a gabana, wasiƙar Dakta ce takarda ta farko a ciki. An mai da ni dajin Ngaski, a matakin da na fara da shi ina saurayi, wai na wucin gadi kafin tsohon ya bayyana. Ba babur, ba kaki mai guga. Kulu ta aiko mini da kifi kwando guda, kuma har yau in na je Wara ba ta yarda ta taɓa ko takardar ƙunshin ƙosai.

Ga masu tambayar me na samo a ƙasar Faransa, ku zo ku gani, suna kan tagar ɗakina su uku. Har yanzu warin banda suke. Ba wanda ya san garinsu, ba su da lamba, ba za su taɓa shiga taswirar kowa ba. Amma duk ranar da feshin ruwa ya shigo ta tagar, sai su buɗe yatsu su kama aikinsu. Alhamdu lillahi. Yanzu a bar ni in sha shayina.